Mai Duba Gida Mai Shaida Ne: Tsokaci a Kan Sharuɗɗan Shiga Sana'ar Duba Gida Kafin Ciniki

Gabatarwa

A rayuwar mafi yawan magidanta babu cinikin da ya kai sayen gida girma. Ma'aikaci kan kwashe kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35 ya zuba a gida ɗaya, magada kuma kan sayar da gona su haɗa rabonsu domin sama wa uwa da marayu matsuguni. Duk da haka, wanda zai sayi tsohuwar mota a Kano ko Kaduna ba ya biya sai ya zo da bakanike ya saurari inji ya leƙa ƙarƙashi, alhali mai sayen gida sau da yawa yakan wadatu da zagaye ɗaya tare da dillali, ya ga sabon fenti, ya ƙirga ɗakuna, a yi addu'a a tashi. Inda ake tsananta bincike shi ne takarda: wa ya mallaka, ko akwai rikicin gado, ko mai unguwa ya sa hannu. Jikin ginin kuwa akan bar wa damina ta zo ta yi nata binciken, lokacin da kuɗi sun riga sun canza hannu.

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, wannan giɓi ya haifar da sana'a mai zaman kanta, wadda a nan za a kira ta duba gida kafin ciniki. Ganin yawan matasan da ake yayewa daga sassan koyar da gine-gine na jami'o'i da kwalejojin fasaha ba tare da aikin yi ba, ba abin mamaki ba ne wasunsu su yi sha'awar kafa irinta a biranen Arewa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, hajar da mai duba gida ke sayarwa shaida ce. Saboda haka tambayoyin da ya kamata mai shiga sana'ar ya fara yi wa kansa su ne waɗanda alƙali ke yi game da kowane mai shaida: ya san abin da yake shaida a kansa? Akwai wani amfani da yake jawo wa kansa da shaidar? Ya iya faɗin abin da ya gani yadda za a fahimta? Sayen kayan aiki da rajistar kamfani da buga kati duk suna bayan waɗannan tambayoyi.

Sana'ar a Inda Ta Bunƙasa

Ko a Amurka sana'ar ba tsohuwa ba ce. Kafin shekarun 1970 mai sayen gida a can yakan nemi wani ɗan'uwa ko ɗan kwangilar da ya sani ya leƙa masa, kamar dai yadda ake yi a nan yanzu. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu duba gidaje ta Amurka, ASHI, wadda ta tsara ƙa'idojin aiki da na ɗa'a. A 1984 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya, a shari'ar Easton da Strassburger, ta yanke cewa wajibi ne dillalin mai sayarwa ya bincika gidan da yake talla, ya kuma bayyana wa mai saye duk aibin da bincike na hankali zai iya ganowa. Gidan da aka yi shari'ar a kansa an gina shi ne a kan ƙasar ciko, kuma zaftarewar ƙasa ta lalata shi jim kaɗan bayan ciniki. Hukunci irin wannan ya sa dillalai suka ga gara su riƙa tura masu saye wurin ƙwararre, domin nauyin ya sauka daga wuyansu. A 1985 jihar Tekzas ta zama ta farko da ta sa sana'ar ƙarƙashin doka, kuma a yau fiye da rabin jihohin ƙasar na buƙatar lasisi.

Ƙofar shiga ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Jihar Niyok na neman horon awa 140, arba'in daga ciki a fagen aiki ƙarƙashin mai lasisi, Fulorida kuma awa 120. Jihohi da yawa na amfani da jarrabawa ta ƙasa mai tambayoyi 200 da ake yi cikin awa huɗu. Bayan haka sai inshorar da za ta biya diyya idan mai duba ya yi kuskure, sai kayan aiki marasa tsada sosai: tsani, tocila mai ƙarfi, na'urar auna danshi, na'urar gwada lantarki da kyamara. Aikin kansa kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. A duba rufi da harsashi da bango da wayarin da famfo da na'urorin ɗumama gida da sanyaya shi, sannan a miƙa rahoto mai hotuna cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙa'idojin sun kuma shata wa aikin iyaka. Dubawa ce ta ido, ba a fasa bango, ba a ƙiyasta farashin gida, kuma mai duba ba ya ce wa mutum saya ko kada ka saya. Nasa shi ne ya faɗi halin da ya sami ginin a ranar da ya shiga.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. A Sikotilan tun daga watan Disamba na 2008 doka ta ɗora wa mai sayarwa samar da rahoton gida kafin ya kai shi kasuwa. Ingila ta gwada wani tsari mai kama da wannan a 2007, ta jingine shi a 2010, aka koma ga mai saye ya ɗauki ƙwararre da kansa. Bambancin tsare-tsaren duk yana komawa ga tambaya ɗaya, wato wa zai biya mai shaida, kuma wa zai zaɓe shi.

Tarkon da ke Bakin Ƙofa

Matsalar farko da sabon mai duba gida ke cin karo da ita a Amurka ita ce rashin abokan ciniki. Mutum kan sayi gida sau ɗaya a shekaru masu yawa, dillali kuwa kan sayar da gidaje da dama a shekara guda. Don haka hanya mafi sauƙi ta samun aiki ita ce ƙulla zumunci da dillalai su riƙa turo mutane. Sai dai la'adar dillali ba ta fita sai ciniki ya faɗa, rahoto mai tsauri kuwa kan rushe ciniki ko ya karya farashi. Har akwai laƙabin da dillalai a can ke yi wa mai duba gida mai tsananin bincike, wanda ma'anarsa ita ce mai kashe ciniki. Sabon shiga da ya lura cewa abincinsa yana hannun dillali ba ya buƙatar kowa ya ce masa ya sassauta. Shi da kansa zai fara tausasa kalmomi.

Ƙa'idojin ɗa'a na ASHI sun gane wannan haɗari. Sun hana mai duba gida biyan dillali domin ya turo masa aiki, sun hana shi karɓar aikin da ladansa ya rataya a kan abin da rahoto zai ƙunsa ko a kan faɗuwar ciniki, sun kuma hana shi gyara gidan da ya duba a kan kuɗi har tsawon shekara guda. Jihar Masacusets ta ƙara gaba, inda dokarta ta hana dillalin da ba wakilin mai saye ba ne ya ambaci sunan wani mai duba gida takamaimai, sai dai ya miƙa jerin masu lasisi gaba ɗaya. Darasin da ke nan shi ne, ƙasar da ta fi kowa gogewa a sana'ar ta gano cewa ilimi da na'ura ba su isa su tsare gaskiyar rahoto ba matuƙar mai rubuta shi yana cin albarkacin wanda rahoton zai iya cutarwa.

Gadon da ke Hannunmu

Kuskure ne a ɗauki wannan batu a matsayin baƙon abu ga Bahaushe. Littattafan fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun haramta ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya sami tsohon aibi a jikinsa. Game da gida musamman, malaman mazhabar sun kasa aibi kashi uku: ƙanƙani wanda ba ya rage daraja, ba a komawa kan mai sayarwa da komai, matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a jin tsoron rushewar gida saboda ita, wanda ake biyan ƙimarsa ba tare da warware ciniki ba, da babba wanda ke halatta mayar da gidan. Haka nan sun yarda a ƙulla cinikin gida a kan zaɓi na kimanin wata guda domin mai saye ya bincika ya yi shawara. Wannan wa'adi ya ma fi mako ɗaya ko biyun da yarjejeniyar cinikin gida a Amurka ta saba bayarwa domin dubawa.

Wa ke tantance wa alƙali cewa tsaga tsohuwa ce ko sabuwa, mai haɗari ce ko maras haɗari? Masana gini ne. A Tunis na ƙarni na 14 an yi wani magini, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba bango da magudana ya kawo musu bayani, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini daga abin da ya gani a wannan aiki. A ƙasar Hausa kuma sarautar Sarkin Magina ta tabbatar da cewa al'umma ta daɗe da sanin akwai wanda maganarsa a kan gini ta fi ta kowa nauyi. Zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shaida ce a kan darajar da wannan ilimi ya samu.

Ya kamata a rarrabe wannan sana'a da aikin duba-gari, wanda Hausawa suka sani tun zamanin Turawa. Duba-gari ma'aikacin hukuma ne da ke shiga gida domin tsafta, yana da ikon kai ƙara da sa tara, shi ya sa ake ɗari-ɗari da shi. Haka ma jami'in hukumar tsara birane, irin KNUPDA a Kano, aikinsa tabbatar da bin izinin gini ne. Mai duba gida kafin ciniki ba shi da sanda ba shi da tara. Mutum ɗaya ne ya ɗauke shi aiki, kuma shi kaɗai zai ba rahoto. Idan jama'a suka rikita su, babu mai gidan da zai buɗe masa ƙofa da daɗin rai.

Sharaɗin Farko: Sanin Ginin da Ake Shaida a Kansa

Yanzu ana samun kwasa-kwasan duba gida ta intanet, har da takardar shaida daga ƙungiyoyin ƙetare. Amfaninsu a nan taƙaitacce ne, domin an tsara su ne a kan gidajen katako masu ɗakin ƙarƙashin ƙasa da murhun ɗumama ɗaki. Gidan da matashi zai shiga a Fagge ko Tudun Wada ko Mabera daban ne, kuma yakan haɗa zamani biyu a jiki ɗaya: zauren tubali da rufin azara a gaba, ɗakunan bulo da kwano a ciki.

A ginin ƙasa, mai duba na buƙatar sanin cewa yaɓa siminti a kan bangon laka kan ɓoye cuta, domin simintin na tsare danshi a ciki, bangon ya riƙa rubewa a bayan filasta mai kyan gani. Ƙwanƙwasa bango a ji sautin fanko ya fi kallo amfani a nan. Sai gindin katanga inda fantsamar ruwan sama ke zaizayewa, da kan azara inda ta shiga bango, da indararo ko ya toshe ko ya gaza tsawo yana zubar da ruwa a jikin gini, da hanyoyin gara, da ko ana sabunta yaɓen soro kafin damina. Wanda bai san aikin makuba da laso ba, ba zai gane abin da gida ya rasa ba lokacin da aka daina amfani da su.

A ginin bulo kuma cututtukan wasu ne. Akwai bulon da aka tsawaita buhun siminti a wajen buga shi har yana marmashewa a hannu, da danshin da ke hawa daga ƙasa yana fitar da gishiri a bango yana kumbura fenti, da rodin da ya yi tsatsa ya fasa kankare, da benen da aka ɗora a kan harsashin da aka haƙa domin gidan ƙasa, da rufin kwanon da ba a ɗaure shi da jikin gini ba, wanda iskar farkon damina ke yayewa. Wayarin ma abin dubawa ne, musamman inda aka haɗa wutar gari da janareta da sola ba bisa ƙa'ida ba. Sai tazarar rijiya da masai: ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar mita 30, alhali fili mai ƙafa 50 a tsaye da kwance bai wuce mita 15 da ɗoriya a kowane gefe ba, ma'ana ke nan sokawen maƙwabci ma yana cikin abin da za a tambaya.

Tarihin filin kansa yana cikin shaida. Gidaje da yawa a Kano suna zaune ne a kan kududdufan da aka cike da shara, a wasu sassan Borno kuma baƙar ƙasar firgi na kumbura da damina ta tsuke da rani, ta tsaga ginin da ba a yi wa harsashin da ya dace ba. Gidajen da ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024 ta shafe, bayan ɓallewar madatsar Alau, wata rana za su shiga kasuwa da sabon fenti. Wanda ya duba gida da rani dole ya iya karanta alamun damina: tabon ruwa a silin, layin laka a katangar maƙwabta, da dokin ƙofar da mutanen layi suka ɗaga. Irin wannan ilimi ba a aji kaɗai ake samun sa ba. Mai son shiga sana'ar ya kamata ya bi tsofaffin magina da masu aikin famfo da masu wayarin na tsawon damina biyu aƙalla kafin ya sa hannu a rahoton farko.

Sanin iyakar sani ma sharaɗi ne. A Nijeriya akwai hukumomin da doka ta ba ikon kula da sana'o'in gini: COREN ta injiniyoyi tun 1970, ESVARBON ta masu ƙiyasta kadarori tun 1975, CORBON ta ƙwararrun magina tun 1989. Mai duba gida da ya ga tsagar da ta ratsa bango daga harsashi zuwa linta, aikinsa ya rubuta cewa a kira injiniya mai rajista kafin a biya kuɗi. Rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi a ranar 1 ga Nuwamba 2021, da na titin Beirut a Kano a watan Agusta na 2022, sun isa gargaɗi ga duk mai tunanin yanke hukunci a kan ƙarfin bene da ido kawai.

Sharaɗi na Biyu: Kuɓuta Daga Tuhuma

Fiƙihu ba ya karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani ko yake kaucar da cuta daga kansa da ita, kome adalcinsa a zahiri. Tarkon da aka bayyana a Amurka ya fi ƙarfi a nan, domin dillali a ƙasar Hausa shi ne ƙofar kasuwar gidaje gaba ɗayanta, kuma galibi yana da alaƙar unguwa ko ta zumunci da ɓangarorin biyu. Matashin da ya fara sana'ar da zama a rumfar dillalai yana jiran a turo masa aiki ya sayar da jarinsa tun kafin ya buɗe shago.

Akwai kuma nauyin al'ada. Bahaushe yana girmama rufin asiri da kunya da kawaici, kuma wanda ya fallasa aibin gidan wani kan iya shan zargin hassada ko ɓata ciniki, musamman idan mai sayarwa dattijo ne ko mai wata lalura ta gaggawa. Amsar wannan ita ce, rufin asiri haƙƙin mutum ne, ba a yi wa haja shi. Ɓoye ruɓewar azara algus ne, kuma wanda rufin zai faɗo wa ba ya cikin waɗanda aka rufa wa asiri. Ladabin da ake bukata daga mai duba shi ne ya tsaya ga gini, kada ya taɓa mutuncin mai gida, kada kuma ya kai rahoton majalisa. Gida mazaunin iyali ne, don haka neman izinin shiga da ba mata lokacin kintsawa suna cikin aikin. Wannan ma dalili ne na ƙarfafa wa mata masu ilimin gine-gine gwiwar shiga sana'ar.

A aikace, sabon shiga na iya tsare kansa da ƙa'idoji kaɗan da zai rubuta a takardar yarjejeniya. Mai saye ne zai biya, a yanke lada kafin shiga gida, kuma ladan ba ya canzawa ko an saya ko an fasa. Ba ya cin la'ada, ba ya ba dillali kaso, ba ya karɓar kwangilar gyaran gidan da ya duba. Abokan ciniki kuma ya neme su ta ƙofofin da amfaninsu ya dace da gaskiyar rahoto: lauyoyin masu saye, ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata masu saya wa mambobinsu gidaje, mazauna ƙetare da ke aiko da kuɗi a saya musu, magadan da ke son sanin halin gida kafin rabo, da masu haya waɗanda ake karɓar kuɗin shekara guda ko biyu a hannunsu tun kafin su ga damina ɗaya a gidan. Wannan hanya ta fi jinkiri, amma sannu ba ta hana zuwa.

Sharaɗi na Uku: Bayani, da Aikin da ke Kan Manazarta Hausa

Shaidar da ba a fahimta ba daidai take da wadda ba a bayar ba. Rahoton da aka rubuta da Ingilishin injiniyoyi, aka miƙa wa ɗan kasuwar Kwari ko gwauruwar da ta sayar da gadonta, zai koma hannun dillali ya fassara, a nan kuwa an bai wa kura ajiyar nama. Dole rahoton ya zama cikin Hausa, da boko ko ajami gwargwadon mai karatu, tare da hotuna da bayanin baka da za a iya naɗa a waya.

A nan ne batun ya shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye. Hausa tana da kalmomin aibin gini masu yawa, amma ba a daidaita ma'anarsu yadda za su ɗauki nauyin takardar da za a iya gabatarwa a kotu ba. Mene ne bambancin tsaga da darewa? Yaushe za a ce bango ya yi ciki, yaushe za a ce gini ya zauna ko ya nutse? Danshi da jiƙa da yoyo da ɗiga da tsattsafo, wanne ne na rufi, wanne ne na ƙasa? Kalmomin aro irin su linta da filasta da sokawe, ya za a rubuta su bai ɗaya? Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana kalmomin gini da dama, ayyukan Hamman Tukur Sa'ad da Moughtin da Dmochowski kuma sun bayyana fasahar ginin Hausa, amma an fi kallon gini a sassanmu a matsayin sana'ar gargajiya da ake taskacewa domin tarihi. Kamar yadda aka samar da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990, haka za a iya zama da sassan gine-gine da tsofaffin magina a fitar da ƙaramin ƙamus na aibin gini, da samfurin rahoto, da matakan tsananin aibi guda uku da suka dace da rabon da fiƙihu ya riga ya yi. Aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya ɗauka, kuma amfaninsa zai fita daga ɗakin karatu ya isa kasuwa da kotu.

Suka da Amsa

Za a iya cewa wannan ƙarin kuɗi ne a kan talaka. Amma ladan yinin ƙwararre ɗaya ƙanƙani ne idan aka gwada shi da la'adar da mai saye ke biya ba tare da gardama ba, balle da kuɗin sake rufi. Talaka ne ma ya fi buƙatarsa, domin shi ne ba shi da na gyara idan ya sayi wahala.

Za a iya cewa ai mutane na zuwa da magininsu. Gaskiya ne, kuma wannan al'ada ita ce tushen da za a ɗora a kai. Rauninta shi ne maginin na hangen kwangilar gyara, ba ya rubuta komai, ba ya bin jeri, kuma babu abin da zai hau kansa idan ya yi sakaci.

Suka mafi ƙarfi ita ce tsoron kada lasisi ya zama wani sabon shingen karɓar kuɗi, takarda ta zama abin saye, rahoto ya zama hatimi kawai. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa wannan maƙala ba ta kira da a gaggauta yin doka ba. A Amurka ƙungiya da ƙa'idojin ɗa'a sun riga dokar jiha ta farko da shekara tara. Abin da ya fi dacewa a nan shi ne masu sana'ar na farko su ɗaure kansu da rubutacciyar ƙa'ida, su yarda a tuhume su a kanta, doka ta zo daga baya ta tabbatar da abin da ya riga ya kafu. Abu ɗaya da za a iya farawa da shi yau ba tare da jiran majalisa ba shi ne lauyoyi da masu unguwanni su riƙa sa sharaɗin zaɓi na wasu kwanaki a takardar cinikin gida, kafin a biya cikon kuɗi, tun da shari'a ta riga ta halatta shi.

Kammalawa

Matashin da ke son shiga sana'ar duba gida zai iya sayen tsani da tocila da na'urar auna danshi cikin yini ɗaya. Sanin ginin ƙasarsa zai ci masa damuna biyu ko uku, yardar jama'a kuwa za ta ci fiye da haka, kuma rahoto ɗaya da aka tausasa domin dillali ya isa ya zubar da ita. Wanda ya shiga da wannan fahimta zai yi jinkirin samun kasuwa, amma zai samu irin matsayin da Sarkin Magina ke da shi a da, na mutumin da ake kira idan ana son jin gaskiyar bango. Nauyin da ke kan sassan nazarin Hausa shi ne su tanadar masa harshen da zai faɗi wannan gaskiya da shi, a rubuce, yadda mai saye zai gane kuma alƙali zai karɓa.